Kifin Gindin Kwano

Ranar Lahadin da ta wuce jikokina biyu, Nura da Walida, suka hau bas suka zo flat ɗinmu a Thamesmead da albishir. Wai za su kama rumfa a Peckham su riƙa sayar da ramen, taliyar nan ta Japanawa da ake ci cikin romo. Nura ya ce, "Kaka, it's easy. Ruwan zafi ne da taliya, sai ƙwai a sama." Walida ta ce ai sun kalli yadda ake yi a waya, har sun yi ordering ɗin kwanuka. Kakarsu Salamatu tana gefe tana gyaran alayyafo, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai. Ni kuwa dariya ta sarƙe ni har sai da aka ba ni ruwa. Da yake ba su bar ni na kai ƙarshen magana ba, wayar wannan ta yi ƙara, ta waccan ta yi ƙara, shi ya sa na zauna na rubuta. Ku karanta a tsanake, ku da duk yaron da yake ganin aikin nan wasa ne.

Na zo Landan a shekarun da kuɗin man fetur ya fara ɓarkewa a gida, da niyyar karatun akanta. Ni ɗan mahauta ne daga Zariya, cikin ƙashi da romo na tashi, amma kaina bai taɓa zama kan lissafi ba. Yana kan 'yan littattafan soyayya da nake saye a bakin kasuwa, waɗanda a cikinsu kullum saurayi yakan bi wani lungu ya tarar da abin da zai juya masa rayuwa. Saboda haka ranar da ruwan sama ya tare ni a Soho da la'asar, na hango wata jar fitila ta takarda tana lilo a bakin wata matakala mai gangarawa ƙasa, ban yi shawara da kowa ba. Na bi ta.

Ɗaki ne guda, bai fi zauren gidanmu girma ba. Doguwar kanta ta katako, 'yan tebura a lungu, ɗan guntun labule shuɗi a bakin ƙofa, ga ɗumi da tururi kamar an rufa maka bargo. Irin wurin nan Japanawa suke kira izakaya. Ma'aikatan bankuna da na kamfanonin jiragen ruwa sukan sauko in sun tashi aiki, su sassauta igiyar wuya, su ci 'yan ƙananan abubuwa, su sha abin shansu, su rufe da kwanon ramen. Mai wurin wani gajeren mutum ne mai ɗaure da tawul a goshi. Kowa Taisho yake ce masa, wato maigida. Matarsa Haruko, wadda ni nake kira Uwargida, ita ke zagayawa tsakanin tebura.

Abin da na fara gani a kan garwashi shi ne naman kaza a jikin tsinke. Na ce a raina, ashe tsire ne, an dai hana shi ƙuli. Taisho yana ta fama shi kaɗai, ga gashi, ga tukunya, ga tulin kaji da ba a cire wa ƙashi ba. Na miƙa hannu na nuna wuƙa. Ya dube ni, ya dubi wuƙar, ya ba ni. Kafin ya juya tsiren da ke wuta na raba kaza da ƙashinta, fata ba ta yage ba. Da guntun Turancinsa da nawa muka daidaita. Na ce ba na taɓa naman alade, ba na taɓa kwalba. Ya ce tukunya dama tasa ce, kwalabe na matarsa ne, ni kwanuka ne nawa. Karatun akanta ya ɗan ja ƙafa a bayana, daga baya ya haƙura ya tsaya.

Wankin kwano shi ne aikina na farko, kuma ba wankin da kuka sani ba ne. Kafin kwano ya shiga ruwa sai na kai shi gaban Taisho ya leƙa. Kwanukan masu nauyi ne, masu zurfi, surukinsa ne ya gina su da hannu can ƙasarsu, kuma a gindin kowanne daga ciki akwai zanen ɗan kifi shuɗi. Romo in yana ciki ba a ganinsa, sai wanda ya ci taliya duka ya ɗaga kwanon ya shanye romon ƙarƙaf. Saboda haka duk kwanon da na ɗauko, tambaya ɗaya yake yi mini:

"An ga kifi?"

In an gani, ya gyaɗa kai ya ci gaba da aiki. In ba a gani ba, ya karɓi kwanon ya sunsuna, ya dubi abin da aka rage, ya koma tukunya ya tsaya yana tunani kamar likita a kan majinyaci. Bai damu da yabon baki ba. Mutum zai iya rusunawa ya ce ya gode sau goma, shi dai kwano yake dubawa.

Kwashe kumfa ne aiki na biyu da aka ba ni, kuma shi ya cire mini girman kai. Ni da nake ganin na san romo tun ina goye! A gidanmu wuta ake zuba wa ƙashi har ya sallama. Shi Taisho ba ya barin tukunya ta tafasa. Sai dai ta riƙa motsi a hankali, ɗan ɓulɓuli ya taso nan, wani ya taso can, kamar numfashin mai barci. Ni kuma in tsaya da ludayi mai raga tun hantsi, ina ɗauke kumfar da ke tasowa, ba tare da na dama ruwan ba. In ka dama, romo ya yi duhu. In ka bari ya tafasa, ya yi ƙarni. Ganyen teku yana shiga ya fita kafin ruwa ya yi zafi sosai, busasshen kifi yana da nasa lokacin, citta da lawashi da nasu. Sai wani baƙin ruwan waken suya mai gishiri da ake zubawa a gindin kwano kafin romo, wanda a wurinsu ya tsaya a matsayin daddawa a wurinmu.

Ku tuna, a waccan tukunyar akwai ƙashin alade da ba na ci, don haka ban taɓa kai ta baki ba. Da hanci na koye ta, da ido, da kunne. Na san ƙanshinta na safe da na azahar. Na san kalar da take yi in ta kusa, kamar shayin da ba a sa wa madara ba, da 'yan idanun mai suna yawo a sama. Nura, wayarka ba za ta sunsunar maka wannan ba.

Taliyar kuma da kanmu muke yi. Ranar farko da ya buɗe kwalbar wani farin ruwa da yake zubawa a fulawa, na sunsuna na yi dariya, don ɗan'uwan kanwa ne, irin abin da ke sa ɗanwake ya yi danƙo. Mu kwaɓa, mu rufe ya huta, mu murza a inji mai hannu har kafaɗa ta yi tsami. Wurin dafawa kowane mutum da nasa ɗan kwandon waya mai dogon mariƙi. Ka tsoma, ka kaɗa, ka ɗaga, ka yarfe ruwan da ƙarfi a ƙasa, ka juye cikin romo, ka jera ƙwai mai ɗanyar gwaiduwa da lawashi, ka miƙa. A nan babban sirrin yake. Taliyar nan ba ta daina dahuwa don ta bar wuta. Tana cikin kwano tana ci gaba da shan romo. Wanda ya ci nan take ya ci abinci. Wanda ya tsaya surutu ya ci tsumma. Shi ya sa Japanawa ba sa jiran kowa, kwano na sauka suke sunkuyawa, suna zuƙa da ƙara fuu fuu, Taisho yana saurare yana murmushi kamar ana yi masa kiɗa.

Sai mummunar shekara ta zo. Man da ya yi tsada ya yi mana daɗi a gida, Japanawa kuwa ya karya su. Kamfanoninsu suka fara mayar da ma'aikata gida, waɗanda suka rage suka koma cin burodi a ofis. Landan kanta ta shiga wani hali, har wuta aka riƙa ɗaukewa, abin da in na faɗa wa yaran yanzu ba sa yarda. Sai mu dafa romo tun safe, yamma ta yi mutum uku ko huɗu ne a kanta. Wa'adin hayar shagon kuma zai cika da wucewar sanyi, mai gini yana jiran a ce masa za a sabunta ko za a tashi.

A daidai lokacin kuma titunan Landan sun cika da mutanenmu. Manyan ma'aikata masu zuwa kwas, 'yan kwangila masu sayen injina, ɗalibai, masu ganin likita. Ga kuɗi a aljihu, ga yunwa a ciki, don tsoron abin da za a sa musu ya sa yawancinsu dankali da kifi kawai suke ci har ya gundure su. Na ce wa Taisho mu yi musu tasu tukunyar. Ya ci gaba da juya tsirensa kamar bai ji ba. Washegari sai ga shi da sabuwar tukunya, sabuwar wuƙa, sabon katako, sabon ludayi, har da rabin kwanukan surukinsa da ba a taɓa fitarwa daga kwali ba. Ya ware mini murhu guda a ƙarshen kicin. Ni nake zuwa wurin wani mahauci Musulmi da sassafe in zaɓo kaji. Wannan karon na ɗanɗana da bakina, shi ma ya ɗanɗana, muka yi ta gyara har ranar da ya kurɓa ya rufe ido ya gyaɗa kai. Na kawo yaji daga ɗakina a Peckham na ajiye a gefe. Ya sunsuna, ya yi atishawa har tawul ɗinsa ya faɗi, amma ya bar shi a kan kanta.

Baƙon farko da na samo a masallacin Juma'a shi ne Alhaji Garba, wani babban ma'aikaci daga Kaduna da ya zo dogon kwas, mutum mai jama'a. Ya ce zai zo da abokai da yamma kafin masu shan abin sha su sauko. Suna zama, Taisho ya tsoma kwanduna, ya yarfe, na jera musu kwanuka suna tururi. Daidai nan wani abokinsa, Malam Isa, ya ɗaga labule ya shigo.

"A'a, Malam Isa! Yaushe a gari?"

"Shekaranjiya, ranka ya daɗe. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne. Yaya ɗawainiya?"

"Da godiya. Yaya ka baro mutanen gida?"

"Kowa lafiya, suna gaishe ka."

"Ina amsawa. Ya mai jiki, Hajiya babba?"

"Da sauƙi, har ta fara takawa."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Ya gama da Alhaji ya juya ga na kusa da shi, aka ɗauko daga farko. Da aka zagaye tebur, sai aka shiga wanda zai fara.

"Bismillah, Malam Isa."

"Haba, ranka ya daɗe, ina ni ina fara ci a gabanka?"

"Kai ne baƙo."

"Kai ne babba."

Wani daga gefe ya ce, "Ku bari ma ya ɗan huce, ai abin nan zai ƙona baki."

Na waiwaya na ga Taisho yana murɗa tawul a hannu kamar zai tsinka shi. Kafin a sa cokali, taliya ta kumbura ta shanye romon, ta koma kamar tuwon da bai tuƙu ba. Suka ɗan ci cikin shiru, ba fuu ba faa. Da za su tafi Alhaji Garba ya dafa kafaɗata ya ce, "Habu ɗan Zazzau, abincin nan ba laifi." Na kwashi kwanuka na kai. Taisho bai ma yi tambayarsa ba.

Sauraren gaisuwa shi ne aikin da na ƙirƙiro wa kaina, kuma ban ji an taɓa yinsa a wani kicin a duniya ba. In mutanenmu suka shigo, sai in kai musu ruwan wanke hannu da shayi da tsiren kaza, in koma bakin kanta in kasa kunne. Ai na san hanyar kamar hanyar gidanmu. Za a bi ta kan gajiya, a bi ta kan sanyi, a sauka kan iyali, a leƙa marasa lafiya, a taɓa wanda aka yi wa ƙarin girma da wanda ya sayi sabuwar mota. In aka ce "To, madalla," aka sake cewa "Madalla," aka ɗan yi shiru, wani ya tura hularsa baya, to an iso. Sai in ɗaga hannu, Taisho ya tsoma. Kwanon farko kuma ba na ajiye shi a tsakiya, gaban babban cikinsu nake kaiwa in ce, "Ranka ya daɗe, wannan abincin ba ya jira, a taimaka a fara." Ba a jima ba Taisho ya haddace kalmar. Sai ka gan shi riƙe da kwando a saman ruwa yana raɗa mini, "Madalla?" In ce, "Tukuna, yanzu aka kai kan surukai."

Abin ya yi aiki. Suka ci taliya da danƙonta, suka barbaɗa yaji, suka yi gumi a tsakiyar sanyin Landan. Wannan ya kawo wancan. Ranar Juma'a bayan masallaci har a kan matakala ake tsayawa, sai da muka fara cewa a yi booking. Jar fitila ta zama kwatance, ana cewa a haɗu a gidan jar fitila. Ni na ɗauka mun tsira.

Amma ba a ga kifi ba. Ko sau ɗaya. Kowane kwano sai ya dawo da ɗan romo da 'yar taliya a gindi, an ture su gefe cikin ladabi. Na yi wa Taisho bayani. Na ce a wurinmu mutum mai mutunci ba ya suɗe kwano a gidan wani. Yakan rage saboda yaran gida, kuma don kada a ce ba a ƙosar da shi ba.

Ya ce, "Babu yara a nan. Wa zai ci?"

Na ce al'ada ce.

Ya ce, "Habu, kana da kirki, shi ya sa kake faɗa mini haka. Su ma suna da kirki. Suna zuwa ne saboda kai ɗan garinsu ne. Ni ba zan tsufa ina dafa abin da ake ci don tausayi ba."

Na rage yawan abin da nake zubawa. Suka rage ragowar, amma ba su fasa ragewa ba. Na samu Alhaji Garba a keɓe na ce, "Ranka ya daɗe, da za ka daure yau ka shanye."

Ya ce, "Kai Habu! Ni zan ɗaga kwano in kafa kai a gaban yarana, kamar wanda ya kwana uku bai ci ba? Ka gaya wa maigidanka abincinsa ya yi. Ba ga shi muna dawowa ba?"

Wata safiya na sauko da kaji na tarar da Uwargida durƙushe a bayan kanta, tana naɗe 'yan kofunanta cikin tsohuwar jarida tana jerawa a kwali. Ba ta ɗago ba. Taisho ya ce ƙarshen wata zai gaya wa mai gini sun tashi. Ciniki yana farfaɗowa a gaban idonsa, amma shi kwano ya ce masa a'a.

Cikin makon ne da azahar, shago ba kowa, wasu 'yan mata biyu suka ɗaga labule. Ɗaliban aikin jinya ne, fararen kaya a ƙarƙashin kwat, ɗaya 'yar Jos, ɗayar kuma doguwa mai ɗan mayafi ruwan toka da ɗigon ruwan sama a kansa. Na karanta littattafai da yawa da aka kwatanta shigowar mace cikin ɗaki, babu wanda ya faɗi yadda ludayi yake yin nauyi a hannu. Amma wannan labarin sana'a ne, bari in tsaya kan aiki.

Doguwar ta ce, "Kai ne Habun da Kawu Garba yake faɗa? An ce kajinku yankakku ne."

"Ni nake zuwa wurin mahauci da kaina. Sannunku da zuwa, yaya..."

"Malam, na gaisu. Tun asuba muke tsaye a asibiti. Kawo abincin."

Taisho ya ɗaga kwando ya dube ni. "Madalla?"

Na ce, "Tsoma!"

Ƙawarta tsire ta ci da shinkafa. Ita kuwa ta yi bismillah, ta gyara mayafi, ta sunkuya. Ba ta ce uffan ba har taliya ta ƙare. Sai ta kama kwanon da hannu biyu ta ɗaga, fuskarta ta ɓace a bayansa. Da ta sauke ta leƙa ciki.

"Kai! Wa ya sa kifi a nan?"

Ludayin Taisho ya faɗi ƙasa. Ya zagayo da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya rusuna mata, ya kai wa matarsa. Yarinyar ta ce, "Lafiya? Na yi laifi ne?" Na zayyana mata komai, tun daga gaisuwa har kwalin kofuna. Ina cikin bayani Taisho ya dawo, murnar ta ɗan sauka daga fuskarsa. Ya ce, "Mutum ɗaya ce. Kuma yunwa take ji."

Na fassara mata. Ta yi dariya ta ce, "Ka ce masa yunwa ba ta hana ni sanin daɗi. Kawu kuma ku bar ni da shi. Ranar Juma'a ce suke zuwa, ko?"

Sunanta Salamatu.

Ranar Juma'a Salamatu ta zo tare da matar Alhaji, suka zauna a ɗan teburin da ke gefe. Aka yi gaisuwa, aka kai madalla, aka tsoma, aka ci. Da Alhaji Garba ya ture kwanonsa da ɗan abin da ya saba ragewa, sai ta ce daga inda take:

"Kawu, duk zuwan nan da kake yi, ka taɓa ganin abin da ke gindin kwanon kuwa?"

"Wane abu?"

"A'a, ba a faɗa. Ni dai na gani. Ashe duk Japanawan nan sun gani, mu ne kawai ake bari a baya."

"Ke Salamatu, ba ki da ta ido. Habu, mene ne a ciki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, maigida ya hana faɗa."

Malam Isa ya karkata nasa yana leƙe, romo ya bi ya rufe wurin. Ya nemi ya juye a kofin shayi, Salamatu ta ce, "Malam, almubazzaranci!" Aka kwashe da dariya. Alhaji Garba ya dubi kwano, ya dubi jama'arsa, ya cire hula ya ajiye a kan gwiwa.

"To, jama'a, ku zama shaida. Ba yunwa ba ce. Bincike ne."

Ya ɗaga ya shanye. Ya sauke, ya goge gemu, ya leƙa.

"La! Kifi ne! Ɗan kifi shuɗi!"

"Mu gani, ranka ya daɗe."

"Ka duba naka!"

Ai kuwa babba ya buɗe hanya. Kwanuka suka tashi sama gaba ɗaya, ba ka ganin fuskar kowa sai huluna. Sai gardama ta kaure, don da hannu aka zana su, babu biyu iri ɗaya. Na Alhaji ya buɗe baki, na Malam Isa ya kalli hagu, na wani ya lanƙwasa wutsiya. Alhaji ya ce nasa ne shugaban kifayen. Malam Isa ya ce nasa tarwaɗa ce ta Argungu, ta fi ƙarfin na Kaduna. Wani ya ce a sake zuba masa a wani kwanon, bai yarda da wanda aka ba shi ba.

Na jera kwanukan a faranti na kai kicin. Taisho bai yi gaggawa ba. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, ya leƙa, ya ajiye, ya leƙa, ya ajiye, har na ƙarshe. Ya juya ya yi wa Uwargida wata 'yar magana da yarensu. Ta durƙusa gaban kwali ta fara warware jarida, tana mayar da kofuna kan kanta. Sannan ya ɗaure tawul ɗinsa tamau ya ce mini, "Gobe ka je wurin mahauci da wuri. Ka ninka kajin."

Daga ranar mutanenmu suka samu mafita. Ba wanda ya taɓa cewa ya suɗe kwano a gidan jar fitila. Sai dai ka ji dattijo ya gyara zama ya ce, "Bari in ga wane kifi aka ba ni yau." Na yi shekaru masu yawa a wannan kicin, har tukunyar kaji ta fi ɗayar girma, har Taisho ya tsufa ya koma ƙasarsu da ƙafarsa, ba kora ba. Ranar da zai tafi ya ba ni kwano guda, wanda kifinsa ya ɗaga kai sama. Shi ne na farkon da wani cikin mutanenmu ya gani. Yadda aka yi mai shanye romon ta biyo kwanon zuwa gidana, wannan ku tambaye ta, ni ta hana ni rubutawa.

To, Nura da Walida, ga sharaɗina. Ban hana ku Peckham ba. Ku nemi ƙashin kaza, ku tsaya a kansa tun hantsi, ku kwashe kumfa, kada ku bari ya tafasa. Ranar Lahadi ku zo da romonku da taliyarku. Kwanon yana saman kabad, bayan kulolin da ba a taɓawa. Ku gaishe da kakarku ku gama tukuna, sannan ku tsoma. Ni ba zan ɗanɗana ba, ba zan ce komai ba, zan tsaya a bakin kicin in jira a kawo mini kwano. Sai dai ku sani, yarinyar nan mai mayafi ruwan toka yanzu Hajiya ce, ta girma, ta koyi rage abinci fiye da kawunta. In kuka sa ta ga kifin nan, ku je ku kama rumfarku.